Darasi na 14: Kujerar Naƙi da Neman Gyaran Hukumomin Duniya

Duk mai kunna rediyo da asuba ko bayan magariba ya sha jin ana cewa wata ƙasa ta hau kujerar naƙi a Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya. Mai karanta labarai yakan faɗa ya wuce, mu ma mu ci gaba da harkokinmu. A wannan darasi za mu tsaya a kan kujerar nan, mu ga waɗanda suka sassaƙa ta, da dalilin da ya sa ƙasashe biyar kaɗai ke hawanta, da abin da ya sa aka shekara 80 ana kukan a gyara amma gyaran ya faskara. Daga nan za mu leƙa manyan gidajen kuɗi na duniya, domin can ma ginin iri ɗaya ne.

Bari mu fara shiga ɗakin. A hedikwatar Majalisar da ke birnin New York na Amurka akwai wani zaure mai teburi lanƙwasasshe kamar baka. Wakilan ƙasashe 15 ne ke zama kewaye da shi, kowa da allon sunan ƙasarsa a gabansa. In an gama muhawara a kan wani ƙuduri, a ce na tsagaita wuta a wata ƙasa, sai shugaban zaman ya nemi masu goyon baya su ɗaga hannu. A ƙirga. Sai an samu hannu 9 ƙuduri ke wucewa. Sannan ya tambayi masu adawa. To, idan hannun da ya tashi na wakilin Amurka ne, ko Rasha, ko Sin, ko Birtaniya, ko Faransa, magana ta mutu nan take, ko da sauran 14 duk sun amince. Wannan ɗaga hannu guda shi ake kira hawa kujerar naƙi.

Waɗannan biyar su ne masu kujerar dindindin. Sauran goman Babban Zauren Majalisar ne ke zaɓensu, su yi shekara biyu su tashi, kuma uku daga cikinsu na Afirka ne. Najeriya ta zauna a wannan teburi sau biyar, na farko a 1966. Nijar ta zauna sau biyu, na baya-bayan nan a 2020 da 2021. Suna magana, suna kaɗa ƙuri'a, amma hannunsu ba ya tsayar da komai shi kaɗai. Hukuncin wannan Kwamiti kuwa ba shawara ba ce: shi ke da ikon ƙaƙaba takunkumi, da tura dakarun kiyaye zaman lafiya, da ba da izinin amfani da ƙarfin soja, kuma dole ne kowace ƙasa ta bi. Ko Babban Sakataren Majalisar ba a naɗa shi sai da yardarsa. A watan Nuwamban 1996, Boutros Boutros-Ghali ɗan ƙasar Masar, ɗan Afirka na farko da ya riƙe muƙamin, ya samu ƙuri'a 14 a neman wa'adi na biyu. Amurka kaɗai ta ƙi, kuma hakan ya isa ya tattara kayansa. Kofi Annan na Gana ne ya gaje shi.

Yadda aka aza harsashin gidan

Kafin wannan Majalisa an yi wata, wadda aka kafa bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, mazauninta a Geneva. Ba ta yi ƙarko ba. Amurka ba ta taɓa shigarta ba, Jamus da Japan suka fice a 1933. Da Italiya ta mamaye Habasha a 1935, Sarki Haile Selassie ya je Geneva da kansa a watan Yunin 1936 ya kai kukan mutanensa, waɗanda ake yi wa ruwan guba daga jiragen sama. Aka saurare shi, aka watse, bayan 'yan makonni ma aka janye ɗan takunkumin da aka sa wa Italiya. Shekara uku bayan haka duniya ta sake kamawa da wuta.

Waɗanda suka ci Yaƙin Duniya na Biyu sun ɗauki darasi daga wannan faɗuwa, kuma ya kamata mu yi musu adalci mu fahimci tunaninsu. Sun ga cewa majalisar da manyan ƙasashe ba sa ciki taron tsintsiya ne ba shara. Sun kuma san cewa Amurka da Tarayyar Sobiyat ba za su shiga wata ƙungiya da za ta iya yanke musu hukunci ba da son ransu ba. Sai aka ba su tabbaci: ku shigo, ba za a yi komai a kanku ba sai kun yarda. Kujerar naƙi ita ce kuɗin da aka biya don manya su zauna cikin ɗaki. A taron San Francisco, inda aka tsara kundin Majalisar, ƙananan ƙasashe sun yi ta ƙorafi, amma aka nuna musu cewa in babu naƙi to babu Majalisa. Ranar 26 ga Yunin 1945 ƙasashe 50 suka sa hannu a kan kundin Majalisar, Poland ta biyo baya suka zama 51, kundin ya fara aiki ranar 24 ga Oktoba.

Cikin waɗannan 51, huɗu ne kacal daga Afirka: Masar, Habasha, Laberiya, da Afirka ta Kudu wadda tsirarun fararen fata ke mulka. A lokacin Kano da Katsina na hannun Ingilishi, Damagaram da Maraɗi na hannun Faransa. Wataƙila a cikin ajin nan akwai wanda kakansa ya yi yaƙin Bama, domin dubban samari daga Arewa an kwashe su a jirgin ruwa zuwa dazuzzukan Asiya sun yaƙi sojan Japan a ƙarƙashin tutar Birtaniya, wasu kuma daga yankin Faransa an kai su Turai. Sun zubar da jini a yaƙin, amma da aka zo zaman raba iko bayan nasara, waɗanda ke mulkinsu ne suka zauna a madadinsu. Yau Majalisar na da ƙasashe 193, Afirka na da 54 a ciki, wato fiye da rubu'i, kuma mafi yawan rikice-rikicen da Kwamitin ke tattaunawa da dakarun da yake turawa sun shafi wannan nahiya. Har yanzu ba ta da kujerar dindindin ko ɗaya. Kudancin Amurka ma ba ta da ita. Indiya, wadda yanzu ta fi kowace ƙasa yawan jama'a, ita ma ba ta da ita.

Abin da tsarin ya haifar

A watan Oktoban 1974 ƙasashen Afirka suka nemi a kori gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu daga Majalisar. Ƙudurin ya samu rinjaye a Kwamitin Sulhu, sai Amurka da Birtaniya da Faransa suka hau kujerar naƙi su uku a rana ɗaya. A zamaninmu Rasha ta sha toshe ƙudurori a kan yaƙin Siriya, wani lokaci tare da Sin. Da ta shiga Yukren a watan Fabrairun 2022, ita da kanta ta kashe ƙudurin da ke neman ta janye, wato mai laifi ya zama alƙali a shari'arsa. Amurka ta toshe kiran tsagaita wuta a Gaza ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba. A 2003 kuwa, da Amurka da Birtaniya suka ga ba za su samu izinin Kwamitin ba, sai suka kauce masa suka afka wa Iraƙi.

Amma abin da ya fi kowanne ciwo a raina shi ne na Ruwanda, kuma a nan ba wanda ya ɗaga hannun naƙi. A watan Afrilun 1994 aka fara kisan ƙare dangi a kan 'yan ƙabilar Tutsi. Majalisar na da dakaru kimanin 2,500 a ƙasar ƙarƙashin Janar Romeo Dallaire ɗan Kanada, wanda tun watan Janairu ya aika da gargaɗin cewa ana tara makamai. Najeriya na cikin Kwamitin a lokacin, jakadanta Farfesa Ibrahim Gambari na cikin waɗanda suka matsa a ƙara wa dakarun ƙarfi. Manyan ƙasashe ba su so ba. Ranar 21 ga Afrilu, ana tsakiyar yanka mutane a coci-coci da makarantu, Kwamitin ya yanke a rage dakarun zuwa 270. Sojojin Gana na cikin 'yan kaɗan da suka tsaya, suka ceci waɗanda suka iya ceta. Cikin kwana ɗari aka kashe mutum kusan 800,000. Ku lura da yadda abin ya gudana: tun a bayan fage, da zarar an fahimci cewa mai naƙi ba ya so, ba a ma wahalar kawo ƙudurin gaban teburi. Inuwar kujerar kaɗai ta isa.

Ƙofar da aka kulle ta ciki

Mai tambaya zai ce, tunda ƙasashe 188 ba su da wannan iko, me ya hana su haɗa kai su soke shi? Amsar tana cikin sashe na 108 na kundin Majalisar. Kafin a canza ko da kalma ɗaya sai kashi biyu bisa uku na Babban Zauren sun amince, wato ƙasashe 129 a lissafin yau. Sannan sai kashi biyu bisa uku na ƙasashe sun tabbatar da gyaran a gida bisa dokokinsu, kuma dole ne a cikinsu a samu dukan biyar ɗin nan. Ke nan ba a iya taɓa kujerar naƙi sai da yardar waɗanda ke kanta. An kulle ƙofa ta ciki, makullin na aljihun masu ɗakin.

Duk da haka an taɓa buɗe ta sau ɗaya, kuma labarin ya cancanci mu ɗan daɗe a kansa. Da farko kujerun Kwamitin 11 ne: biyar na dindindin da shida na zaɓe. A shekarar 1960 kaɗai ƙasashe 17 suka shiga Majalisar, 16 daga Afirka. Nijar ta shiga ranar 20 ga Satumba, Najeriya ranar 7 ga Oktoba, inda Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa ya je ya yi jawabi da kansa. Sabbin ƙasashen suka tarar an riga an raba kujeru shidan nan tsakanin wasu yankuna, ba a ware wa Afirka komai ba. A watan Mayun 1963 aka kafa Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a Addis Ababa, sai ƙasashen nahiyar suka haɗa baki da na Asiya da na Kudancin Amurka a kan bukata guda, wato a ƙara kujeru. A watan Disamban wannan shekara aka kaɗa ƙuri'a a Babban Zaure, ƙasashe 97 suka amince. Faransa da Tarayyar Sobiyat suka ce a'a. Amurka da Birtaniya suka ƙaurace. Kowa zai ɗauka magana ta mutu ke nan, tunda ana bukatar sa hannun dukansu. Amma lokacin ana tsakiyar yaƙin cacar baka, kowane ɓangare na zawarcin sabbin ƙasashe, kuma ba wanda ya so a nuna shi da yatsa a ce shi kaɗai ya hana Afirka wurin zama. Ɗaya bayan ɗaya suka sa hannu. A 1965 gyaran ya fara aiki, kujeru suka zama 15. Tun daga nan ba a sake ƙara ko ɗaya ba, alhali ƙasashen Majalisar sun ƙaru da kusan 80.

Abin da ya buɗe ƙofar a wancan karo shi ne yawan ƙuri'a da aka tara a kan takarda ɗaya, har ƙin amincewa ya zama abin kunya mai tsada. Ku riƙe wannan a zuciya yayin da muke duba halin da ake ciki yau.

Wa ke neman me?

A 2005 Tarayyar Afirka ta cimma matsaya a kwarin Ezulwini da ke ƙasar Swaziland, wadda yanzu ake kira Eswatini, shugabanni kuma suka tabbatar da ita a birnin Sirte na Libiya. Afirka na neman kujeru biyu na dindindin da biyar na zaɓe. A kan naƙi, matsayarta ita ce ba ta son a ci gaba da shi, amma muddin yana nan to sabbin masu kujera ma a ba su. Aka kafa kwamitin shugabannin ƙasashe goma, Saliyo ke jagorantarsa, don ya tallata wannan matsaya. A gefe guda Jamus, Japan, Indiya da Brazil sun haɗa kai, kowace na neman tata kujerar. Sai kuma ɓangare na uku, irin su Italiya, Pakistan, Ajantina da Koriya ta Kudu, waɗanda ke cewa kada a ƙara kujerar dindindin ko ɗaya, a ƙara na zaɓe kawai. In kun dubi taswira za ku gane dalili: kusan kowace a cikinsu maƙwabciya ce ga wata mai neman kujera, kuma ba ta son maƙwabciyar ta ɗare ta. Tun 2009 ake zaman tattaunawa a New York kusan kowace shekara, har yau ba a kai ga kaɗa ƙuri'a ba.

A watan Satumban 2024 abubuwa biyu suka faru. Shugabannin duniya suka amince da wata yarjejeniya a kan makomar duniya, wadda ta amsa a rubuce cewa an zalunci Afirka a tarihi kuma ya kamata a ba gyara wannan fifiko. Gwamnatin Amurka ta wancan lokaci kuma ta ce tana goyon bayan a ba Afirka kujeru biyu na dindindin, amma ban da naƙi. Ra'ayi ya rabu. Wasu suka ce da babu gara ba daɗi, a shiga tukuna. Wasu suka ce wannan kujerar 'yan rakiya ce, in aka karɓe ta an rufe bakin nahiyar na wata shekara hamsin.

A ganina akwai tambayoyin da ya kamata mu yi wa kanmu kafin mu yi wa wasu. Idan aka ce ga kujerun biyu, wa zai hau? Najeriya na so, Afirka ta Kudu na so, Masar na so, kuma shekara 20 bayan Ezulwini ba a fitar da suna ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kuma zama a teburin kaɗai ba ya tabbatar da cewa za a yi hukunci mai kyau. A watan Maris na 2011 Kwamitin ya ba da izinin amfani da ƙarfi a Libiya da sunan kare fararen hula. Ƙuri'a 10 aka samu, ƙasashe biyar suka ƙaurace, kuma cikin goman nan akwai Najeriya da Afirka ta Kudu da Gabon, alhali Tarayyar Afirka na ƙoƙarin sasantawa. Da biyu daga cikin ukun sun janye hannu, da ƙudurin bai kai 9 ba. Gwamnatin Gaddafi ta faɗi, rumbunan makamai suka buɗe, makaman suka kwararo Mali da sauran yankin Sahel. Mutanen Tillaberi da Diffa da Borno sun san sauran labarin fiye da kowane jakada.

Gidajen kuɗi

A watan Yulin 1944, tun kafin yaƙi ya ƙare, wakilan ƙasashe 44 suka taru a wani otal a Bretton Woods da ke Amurka suka kafa Bankin Duniya da Asusun Ba da Lamuni na Duniya, wanda aka fi sani da IMF. A nan ba a cewa ƙasa ɗaya ƙuri'a ɗaya. Tsarin kamar na kamfani ne, gwargwadon jarinka gwargwadon muryarka. Amurka na da kashi 16 da 'yan kai cikin 100 na ƙuri'un Asusun, manyan hukunce-hukunce kuma sai an samu kashi 85. Ku yi lissafin da kanku: in aka cire 16 daga 100, saura 84. Ke nan ita kaɗai tana da naƙi ba tare da an rubuta sunansa ba. Ƙasashen Afirka 54 in aka haɗa ƙuri'unsu ba su kai rabin nata ba. Akwai kuma wata al'ada da ba ta cikin kowane kundi: shugaban Bankin Duniya, Amurka ke fitar da shi, shugaban Asusun kuma daga Turai yake fitowa.

Wannan ba labarin nesa ba ne. Tsofaffin 'yan kasuwar Maraɗi da Birnin Ƙonni da na Jibiya ba su manta da watan Janairun 1994 ba. Mutane sun kwanta sefa 50 na daidai da faran ɗaya na Faransa, suka wayi gari ta koma 100, bayan wani taro a Dakar da shugabannin ƙasashe suka yi tare da wakilan Faransa da shugaban Asusun. Mai kanti ya buɗe shago bai san farashin da zai faɗa ba, magani da kayan gyaran mota da duk abin da ake shigowa da shi suka yi tashin gwauron zabo. A Najeriya kuwa shirin tsuke bakin aljihu na 1986, zamanin Janar Ibrahim Babangida, ya karya darajar naira ya kuma janye tallafi iri-iri. Gaskiya ne ɓarnar shugabanninmu da bashin da suka ciwo ne suka kai mu ƙofar mai ba da lamuni. Amma likitan da ke rubuta maganin ba ya kwana a gidan majinyaci, kuma majinyacin ba shi da ta cewa a asibitin.

Misali mafi kusa shi ne na lokacin annobar korona. A watan Agustan 2021 Asusun ya raba wani kuɗin ajiya na musamman da ya kai dala biliyan 650 don tallafa wa ƙasashe. Da yake gwargwadon jari aka raba, Amurka ta samu sama da biliyan 110, Afirka baki ɗaya ta samu kimanin biliyan 33. Wanda ya fi ƙoshi shi ya fi samun babban rabo. Gyaran ƙuri'u ma da aka amince da shi a 2010, wanda ya ɗan ƙara wa Sin da Indiya da Brazil murya, sai a farkon 2016 ya fara aiki, saboda an zauna jiran majalisar dokokin Amurka.

Inda haɗin kai ya yi rana

Kada wannan duka ya sa ku ɗauka hukumomin nan ba su da amfani. Waɗanda suka haura shekara 50 a cikinku su dubi damtsensu, da yawa za su ga tabon lamba. Da can kowane gari akwai masu zanzana a fuska da waɗanda agana ta makantar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta jagoranci yaƙi da cutar, Amurka da Tarayyar Sobiyat duk da gabarsu suka ba da magani da ma'aikata, aka bi ƙauye-ƙauye har aka ga na ƙarshe da ya kamu da ita ta hanyar yaɗuwa a Somaliya a 1977. A 1980 aka shelanta cewa agana ta bar duniya. Shan inna ma hanyar da aka bi ke nan, kodayake a 2003 aikin ya tsaya a wasu jihohin Arewa saboda rashin yarda, sai da aka yi gwaje-gwaje, sarakuna da malamai suka shigo, sannan aka ci gaba. A watan Agustan 2020 aka tabbatar cewa ƙwayar cutar ta asali ta bar Afirka. Haka rikicin Bakassi: Kotun Duniya ta yanke hukunci a 2002 ta ba Kamaru yankin, Kofi Annan ya zaunar da Olusegun Obasanjo da Paul Biya suka sa hannu a 2006, aka kammala miƙa shi a 2008. Hukuncin ya yi wa 'yan Najeriya da yawa zafi, kuma mazauna yankin sun sha wuya, amma bayan hukuncin ba a tura 'ya'yan kowa filin daga ba.

Ganin babbar ƙofa ta ƙi buɗuwa, an koma bin ƙananan ƙofofi. A 2022 ƙasar Liechtenstein, wadda mutanenta ba su kai na ƙaramar hukuma ɗaya a Kano ba, ta kawo shawarar da aka amince da ita: duk lokacin da aka hau kujerar naƙi, Babban Zaure zai zauna cikin kwana goma na aiki a tattauna, a ba mai naƙin dama ya bayyana dalilinsa a gaban kowa. Bai hana naƙi ba, amma ya sa masa ɗan farashi. A 2023 aka ba Tarayyar Afirka cikakkiyar kujera a ƙungiyar G20 a taron New Delhi. A ƙarshen 2023 Kwamitin Sulhu ya amince Majalisar ta iya ɗaukar har kashi 75 cikin 100 na kuɗin wasu ayyukan kiyaye zaman lafiya da Afirka ke jagoranta. A shekarar dai Najeriya, a madadin ƙasashen Afirka, ta gabatar da ƙudurin a mayar da tsara dokokin harajin manyan kamfanoni ƙarƙashin Majalisar, maimakon a bar shi a hannun ƙungiyar ƙasashe masu arziki. Ƙasashe 125 suka goyi baya, 48 suka ƙi, aka wuce. A 2024 kuma aka ƙara wa ƙasashen Afirka na kudu da Sahara kujera ta uku a majalisar daraktocin Asusun.

Akwai wani gyaran da ba ya bukatar izinin kowa. Ginin hedikwatar Tarayyar Afirka a Addis Ababa, wanda aka buɗe a 2012, Sin ce ta gina shi kyauta, kuma kaso mai yawa na kuɗin ayyukan ƙungiyar daga waje yake zuwa. A taron Kigali na 2016 shugabanni suka amince kowace ƙasa ta cire kashi 0.2 cikin 100 a kan wasu kayan da ake shigowa da su don ƙungiyar ta riƙe kanta. Wato a kayan naira 1,000, naira 2. Ƙasashe da yawa har yanzu ba su aiwatar ba.

Aikin aji

Malami ya zaɓi mutum 15 su zauna a da'ira, a ba biyar daga cikinsu jar takarda. A kawo wata magana da ta shafi unguwa, misali inda za a haƙa rijiyar burtsatse. A tattauna, a kaɗa ƙuri'a ta ɗaga hannu, da sharaɗin cewa duk mai jar takarda in ya ɗaga ta magana ta mutu. Bayan zagaye biyu, sai goman da ba su da takarda su keɓe na minti goma su shirya dabarar da za su bi don a sauya dokar, alhali sauyawar ma sai biyar ɗin sun yarda. Sauran 'yan aji su lura da yadda masu jar takarda ke magana, da yadda marasa ita ke tauna kalmominsu tun kafin a kai ga ƙuri'a.

Tambayoyi

1. Me ya sa waɗanda suka kafa Majalisar a 1945 suka ga ba makawa sai an ba manyan ƙasashe naƙi?
2. Faransa da Tarayyar Sobiyat sun ƙi gyaran 1963, amma daga baya suka sa hannu. Me ya canza musu ra'ayi? Akwai irin wannan yanayi a yau?
3. Da ku ne shugabannin Afirka, za ku karɓi kujeru biyu na dindindin ba tare da naƙi ba? Ku rabu gida biyu, kowane ɓangare ya kawo hujjarsa.
4. A ƙungiyarku ta manoma, ko ta 'yan kasuwa, ko ta adashi, yaya ake yanke hukunci: kowa ƙuri'a ɗaya, ko gwargwadon abin da mutum ya zuba? Ku rubuta layi biyar a kan wanda kuka ga ya fi dacewa da ku, da dalilinku.